Tukunyar Kaka

Mu biyu Kaka ya koya wa haɗa man ciwon gaɓoɓi, ni da taubashina, ɗan goggona. A Wurno muka tashi, inda rabin gari ke wuni tsaye cikin ruwan shinkafa da albasa, saboda haka ba a rasa mai gwiwa tana ciwo. Ni na fi shi hannu, kowa ya sani. Shi baki kawai Allah ya ba shi. Ina tsugune ina tankaɗe saiwa, yana ƙofar gida yana ba mutane dariya. Abin da muke hari kuwa ɗaya ne, ko da yake ba mu taɓa furtawa ba: wanda Kaka zai bar wa tukunyar dahuwa, a kira shi magajinsa.

Sharaɗin Kaka bai da yawa. Ba a faɗa wa bare abin da ke cikin man, ko da matarka ce. Na riƙe wannan magana da hannu biyu.

Ana nan sai masu kwalabe suka cika kasuwanni, daga Rabah har Goronyo, kowa da lasifikarsa. Wasunsu wiwi suke jiƙawa su zuba a ciki, samari su saya da sunan maganin gajiya. Iyaye suka yi ta kuka, maganar ta kai Sakkwato. Kullum a rediyo ana gardama: a hana sayar da irin waɗannan magunguna gaba ɗaya, ko a riƙa gwada su a yi wa masu tsabta rajista. Ni addu'ata a hana. Namu babu wiwi ko ƙwaya, kuma na san idan an kori masu lasifika, mutane za su dawo zauren Kaka su saya shiru, kamar da. A can babu mai tambayar baki, hannu ake nema.

Ba a hana ba. Aka ce kowa ya kai nasa a duba, ya kuma bayyana abin da ya zuba.

Na ce ni kam ba da ni ba. Taubashina ya ɗauki kwalba uku ya hau mota zuwa Sakkwato. A can ya zazzage musu komai, har sassaƙen da Kaka ke zuwa ɗebowa shi kaɗai a bayan Kwargaba. Ya dawo da lambar rajista manne a jikin kwalba da hula sabuwa, ya kama shago.

Wallahi na ji zafi. Ranar kasuwar Goronyo na shimfiɗa buhuna a inda na saba, shi kuma ga shi da teburi da laima. Wata dattijuwar Bafillatana da ta shekara da shekaru tana saye a hannuna ta ɗaga kwalbata, ta juya ta, ta ajiye.

"Ɗana, taka ba ta da lamba," in ji ta. "An ce marar lamba ita ad da ganyen nan."

Ta wuce wurinsa. Ina kallo ya tsokane ta, ta rufe baki tana dariya. Har yamma ina ƙirga mutanen da ke tsaye gabansa, kowane ɗaya kamar an tsikare ni da ƙaya. Da ya ga ina naɗe buhu sai ya ɗaga murya: "Taubashi, taho ka riƙe min laima, in biya ka!" Wasa ne irin namu, amma ranar sai na saɓa buhuna na wuce.

Abin da ya rage mini Kaka ne. Na same shi bayan la'asar a zaure, ya miƙe ƙafafu. Na gaishe shi, na ce, "Kaka, ka ji abin da jikanka yay yi? Ya hwaɗa ma mutanen birni komi."

"Na jiya," ya ce.

"To mi kac ce?"

Ya ce, "Sun gwada, sun ce man ga lahiya lau shike. Shekaruna nawa ina dahwa shi, ba wanda yat taɓa rubuta hakanga."

Murna ce a muryarsa, irin ta yaron da aka yaba wa allonsa.

"Kaka, kai kac ce kar a hwaɗi. Ni na riƙe."

"Ka riƙe, Allah shi yi ma albarka," ya ce. "Gobe ka kira mai amalanke. Tukunyar ga ta yi nauyi, taubashinka shi kaɗai ba ya iya ɗaukarta. Ka kama mishi ku kai ta shagonai."