Hannun Daman Ma'azu

Ma'azu Yalwa haifaffen Fagge ne, amma kusan rabin rayuwarsa a birnin Guangzhou na ƙasar China ya yi ta. Ya zo da jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan unguwarsu, ya fara da ɗaurin dila a kasuwar Canaan. Cikin shekara goma sha biyar ya zama mutumin da 'yan kasuwar Kano ke kira tun kafin jirginsu ya sauka. Ya san masana'antar da ke aikin ƙwarai da wadda ke cusa rubabben kaya a ƙasan kwali. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya kafe, ya kafe.

A baje kolin Pazhou ya haɗu da wakilan wani babban kamfani mai kantunan rahusa, inda ake sayar da komai, daga bokiti har takalmin yara. Suna son buɗe rassa a Kano da Maraɗi, suna neman wanda zai sa jari kuma ya san hanya. Ma'azu ya sayar da filinsa na gida, ya haɗa da abin da ya tara, ya shiga.

Labari ya riga shi isa Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke zama. Kallamu, mutumin Maraɗi da suka taɓa zama ɗaki ɗaya, wanda ke loda wa ƙananan 'yan tireda bokitai da silifas, ya daina amsa sallamarsa.

Wata Talata bayan azahar, Ma'azu na duba kwalaye a sito, sai ga Kallamu da ƙarti biyu. Suka ja ƙofa.

"Alhaji, ashe kai ne za ka kai mana gobara gida?" in ji Kallamu.

"Malam Kallamu, da ni ko ba ni, zuwa za su yi. Gara a ce akwai namu a ciki."

"Ka san gida nawa ke ɗora tukunya da kwantenata? Ka janye."

"Na riga na sa hannu."

"Da wanne?"

Ma'azu bai gane tambayar ba sai da suka kayar da shi. Ɗaya ya danne masa wuya da gwiwa, ɗayan ya miƙe hannunsa na dama a kan katako. Kallamu ya ɗauki ƙarfen ɓalle akwati. Bugun farko Ma'azu ya ji ƙarar ƙashin kafin zafin ya iso. A na biyu ya yi ihu, aka naushe shi a baki har haƙora biyu suka zube. Ya yi ta shure-shure, kwalaye na rikitowa a kansu, jini na bin siminti. Kallamu na bugu yana kuka, yana kiran sunan Allah.

Mai siton, wata tsohuwa 'yar China, ita ta yi ta dukan ƙofa da kururuwa har suka fice ta baya. 'Yan sanda ba su sha wahala ba, kyamara ta ɗauki komai. Aka ɗaure Kallamu, daga baya aka mayar da shi ƙasarsu. Manyan 'yan kasuwa sun zo asibiti biko, Ma'azu ya ce ya yafe, amma ba zai janye jarinsa ba.

Likitoci sun ɗora hannun da ƙarfe, sai dai yatsu uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Wata takwas bayan haka aka buɗe reshen Kano. Matarsa Surayya ta kira shi daga can ta ce layi ya kai bakin titi. Sannan ta ce ƙaninsa mai shagon robobi ya kwana uku bai yi ciniki ba, kuma ya daina shigowa gaishe ta.

Ma'azu na nan a Xiaobei har yanzu. Bai taɓa zuwa ganin kantin ba.