Ranar da Na Warkar da Gwaggo

Duk mako sai Gwaggo, yayar babana, ta ce zuciyarta za ta tsaya. Matan unguwa su zo dubiya da kunu, a yi ta hira har la'asar. Na gaji da wayar da ake bugo mini Kano, na kai ta asibiti a Ɗambatta. Likita ya ce lafiyarta ƙalau. Muna dawowa na faɗa a gaban matan, har da dariyata.

Tun daga nan suka ɗauke ƙafa. Bayan wata guda na tarar da ita ita kaɗai, ta shimfiɗa tabarma uku.

Ta ce, "Tunda ka warkar da ni, ɗan nan, sai ka zauna."

Ban zauna ba. Mota tana jirana.