Yaya a Kujerar Gaba

Mijin yayata bakanike ne, kuma tun ina yarinya ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Dogo. Tsawon ma ba wani na a zo a gani ba ne, rama ce kawai ta miƙar da shi. Ni dai "mijinmu" nake ce masa don in ba shi haushi, shi kuma ya ce mini Auta, har na yi furfura bai sauya ba.

Garejinsa rumfar kwano ce a bakin titi, da rami ɗaya, da benci mai ƙafa uku wanda aka tokare da tsohon batir. Bayan rumfar akwai fili fetal, ba kowa sai awaki. Ba kowace mota yake taɓawa ba, sai manyan nan na shiga daji, waɗanda ƙafafunsu huɗu duk suke ja: na masu haƙar rijiya, na asibitocin ƙauye, na masu auna ƙasa. A cikinsu ma, abin da ya yi suna a kai shi ne ƙarar gaba. In gaban mota ya fara surutu an rasa daga ina, sai a ce a kai wa Dogo.

Direba zai zo ya tsaya yana kwaikwayon ƙarar da baki, har da rufe ido. Dogo zai bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce, "Ka iya waƙa. Ba ni makulli." Ba ya ɗaukar sifana sai ya hau motar da kansa. Ya sauke gilasai, ya kashe rediyo, ya shiga filin nan, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya yi ta zagaye a hankali. In ya ji ƙas-ƙas-ƙas a cikin kwana, to shaf ne, wato sandar da ke juya taya: robarta ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga. In bai ji komai ba sai ya hau titi. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris ɗin taya ke nan, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa. Sai ya riƙa karkata motar hagu da dama. In gurnanin ya ƙaru da ya karkata hagu, na dama ne ya mutu, don a kansa nauyin ya sauka. In kuwa kukan ba ya tashi sai an sa giyar ƙafa huɗu, za ka ga ya taɓe baki, don ya san aiki ya yi nisa. Akwai kuma masu zuwa motarsu lafiya lau, sun manta ne ba su cire giyar ba bayan sun hau kwalta. Waɗannan faɗa kawai suke sha su tafi.

Kada a ce ina na san wannan duka. Mutumin ba shi da wata hira sai ita. Yaya kuwa ko a jikinta. Tunda aka kai ta gidansa ba ta taɓa taka garejin ba. Ya fita da sassafe, ya dawo bayan faɗuwar rana yana warin baƙin mai, ya ce, "Ruwan ya yi zafi?" ta ce, "Ya yi." Ba faɗa suke yi ba, wallahi ban taɓa jin kansu ba. Haka dai zaman yake, har 'ya'ya suka girma suka watse. Na sha ce mata, "Yaya, ke ragowar gareji kika aura." Sai ta yi dariya ta ce in yi mata shiru.

Lokacin da mijina ya rasu na dawo kusa da su da zama, shi ya sa abin da ya biyo baya a idona aka yi shi. Rediyon Dogo ne ya fara damun maƙwabta. Sai kuma "Me kika ce?" ta yi yawa a bakinsa. Ranar nan wani tsohon direban masu rijiya, wanda ake ce wa Na-Daji, ya kawo mota tana gurnani. Dogo ya sauya boris ɗin hagu, ashe na dama ne. Motar ta dawo da ƙararta, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Rannan da tsakar rana ya shigo gida, ya zauna a bakin gado, abinci ya huce a gabansa.

Likita ya ce kunnen ne ya gaji, shekaru da bugun ƙarfe. An ba shi ɗan abin sawa a kunne, amma da inji ya tashi sai abin ya kama fito, ga shi kowa zai gani. Ya jefa shi a aljihun tebur. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da direbobi suka san Dogo ba ya ji, garejin ya mutu, don kunnen suke kawo wa mota. Shi kuwa in ka raba shi da rumfar nan ka gama da shi. Bai iya zaman majalisa ba, bai iya noma ba, ko shayi bai iya haɗawa ba.

Ya gwada dabara. Ya ɗaga mota a jak, ya ɗora doguwar sandar ƙarfe a kan abin da yake zargi, ya ciji ɗaya kan da haƙori, sai girgizar ta bi ƙashi ta isa kansa. Ta yi amfani, amma ba ko yaushe ba, don yawancin ƙarar gaba ba ta fitowa sai mota na tafe da nauyinta a ƙasa.

Yaya kuwa Allah ya ba ta kunne. Tana ƙuryar ɗaki za ta ce tukunya za ta zube, kuma da takun silifa take gane mai shigowa. Wata safiya ina wurin ta ɗauki mayafi ta tsaya a gabansa, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, tare za mu."

Ya ce, "Ina?"

"Wurin aikinka. Ni in ji, kai ka gane."

Ya ce, "Mutane su ce me?"

Ta ce, "Ka ce kasuwa za ka sauke ni."

Haka aka fara. Duk motar da za a gwada, sai Dogo ya ce wa mai ita, "Bari in sauke iyali a kasuwa, in ji ta a hanya." Yaya ta haye kujerar gaba da kwandonta. Tunda ba zai ji maganarta ba in inji na aiki, sai suka koma hannu. Takan ɗora hannunta a gwiwarsa: in ƙas-ƙas ce ta ƙwanƙwasa da yatsa daidai yadda ƙarar ke tafiya, in gurnani ne ta danna, ya ƙaru ta ƙara dannawa. In daga gefenta ne ta ja hannun rigarsa. Shi kuma ya haɗa da abin da sitiyari ke gaya wa tafinsa. Da farko sun sha kuskure, don Yaya har ƙarar kwandonta ta taɓa kai masa rahoto. Amma kafin a jima mota ta daina dawowa.

Direbobi suka samu abin yi. "Dogo, tsufa ya zo da soyayya?" Ya yi kamar bai ji ba, kuma gaskiya bai ji ɗin ba. Ni ma ban ƙyale su ba, na ce kwandon nan kullum fanko yake dawowa, wace irin kasuwa ce wannan. Sai ka gan su sun shigo gida da ƙullin gyaɗa suna musu. Musu fa, Yaya da Dogo! Ita ta ce na dama ne, shi ya ce na hagu, tana ihu a kunnensa yana cewa ai ba kurma ba ne. Muna zaune tsakar gida mota za ta wuce a titi, Yaya ta ajiye tsintar shinkafa ta ce, "Wannan shaf ɗinta ba zai kai ta ko'ina ba." Na ce to, bakanikiya, Allah ya ba da sa'a. Kishi ma na ji, ba zan ɓoye ba, don ban taɓa ganin fuskar Yaya a sake haka ba, ko tana amarya.

Sun yi shekaru a haka. Sannan ciwo ya kama ta, bai ja da nisa ba, ta rasu.

Bayan an share makoki ya sake buɗe rumfar. Motar farko da ta shigo ta Na-Daji ce, tana wata ƙara a gaba. Dogo ya tako har ƙofata, ya tsaya yana murza hula, ya ce, "Auta, ko za ki taimaka?" Na ce zan je, amma ni ba mai taɓa gwiwar mijin yayata ba ce, da mafici zan taɓa kafaɗarsa.

Muka shiga filin, ya murɗe sitiyari. Jama'a, ashe mota duk jikinta magana take yi. Nan ƙara, can ƙara, ƙofa na nata, kujera na nata. Na rasa wacce zan kai masa, na yi ta buga masa mafici ba kai ba gindi. Bai gama zagaye na biyu ba ya taka birki, ya kashe injin. Ya daɗe riƙe da sitiyarin, sannan ya sauka, ya taka har inda Na-Daji ke zaune a benci, ya miƙa masa makulli. Na bi bayansa.

Ya ce, "Kai wa wani. Ba na ji. Na yi shekaru ba na ji, ita ce take ji mini."

Na-Daji ya matso daf da kunnensa ya ce, "Haba Dogo, wa bai sani ba? Ai kasuwa ba ta wannan hanyar take ba. Mu dai gyara muke so, kuma muna samu. Ka nemi wani ya riƙa ji maka, ba mai fasa kawo maka mota."

Na zaci zai ji sanyi, tunda abin da ya yi ta tsoro ya zo ya wuce ba abin da ya faɗi. Amma ya girgiza kai kawai. Da Na-Daji ya tafi ya shiga tattara sifanu yana jerawa a akwati, ni kuma haushi ya kama ni. Na tsaya a gabansa na ɗaga murya na ce, "Mijinmu, ba ka ji abin da ya ce ba? Garejinka na nan. Zan koya, ai ita ma koya ta yi."

Ya rufe akwatin ya zauna a kai. Ya ce, "Auta, ba don garejin nake zagaya filin nan ba, na daɗe da sanin haka. Tunda na auri yayarki ba ta taɓa zama kusa da ni da rana tsaka ba sai da na kurumce."

Ya miƙe. Na kama masa ɗaya hannun akwatin muka kai shi gida, kuma bai sake buɗe rumfar ba.