Muryar Baba a Cikin Gwangwani

Baba masunci ne a tafkin Madarunfa. Ya rasu ina ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal, wato firamare, bai bar hoto ko ɗaya ba. Abin da ya bari jirginsa ne da taru, sai wani labari da na tashi ina ji a gidanmu, wai ya taɓa fitowa a sinima.

Ina goye aka yi abin. Wasu mutane ne suka zo daga Yamai da kamiyo, babbar mota cike da kaya. Shugabansu ɗan ƙasarmu ne da ya koyo sana'ar a Turai, yana tare da wasu Turawa masu riƙe na'ura. Suka zauna a garin tun daga kaka har rani ya yi nisa, suna ɗaukar labarin wani masunci da ya ƙi barin ruwa bayan duk ƴan uwansa sun tafi bida, wato ci-rani, a Najeriya. Baba suka zaɓa ya zama masuncin, saboda sun ji yana waƙa yana jan taru. Da suka gama sai suka yi sallama, suka ce za su dawo su nuna wa gari. Ba su dawo ba, har mutane suka gaji da tambaya.

Na girma, na zama malamin lakwal, aka yi ta yawo da ni ƙauyuka, daga baya aka maido ni gida cikin shekarun casa'in. Lokacin gidajen bideyo sun fara yawa. Wani abokina da muka yi aji ɗaya yana da irin wannan gida kusa da tasha, zaure ne da benci da tele, yana shigo da kasakasai daga Katsina ta Ɗan Issa. Wata rana da bazara ya same ni bayan an tashi yara, ya ce in zo in ga wani abu. A cikin kwalin da ya saro ya tsinci wani kaset marar hoto a baya. Ya saka don ya ga ko mene ne, sai ya ga tafkinmu.

Ya rufe ƙofar zauren, muka zauna mu biyu. Fim ne baƙi da fari, yana ta ɗigo-ɗigo saboda yawan kwafa. Ga bakin tafki, ga itatuwan da yanzu babu su. Sai wani saurayi siriri ya taso daga cikin jirgi ya juyo, na ga goshin ƙanwata da hancinta a fuskar namiji. Baba ne, ga shi kuwa na riga na girme shi yadda yake a fim ɗin. Ya buɗe baki, sai na ji Faransanci, da wata murya mai kauri ta wani Bature da bai taɓa shan ruwan tafkin nan ba. Inda ya kamata a ji waƙar jan taru, sai aka sa wani kiɗan Turawa mai sanyi.

Na kwana biyu ina shawarar ko in gaya wa Inna, mahaifiyata. Ciwon yana ya riga ya rufe mata idanu, haske da inuwar mutum kawai take gani. Amma garin ƙarami ne, labarin ya riga ni shiga gida. Ita ce ma ta tare ni da maganar, ta ce a kawo mata.

Abokina ya ɗauko tele da batirin mota a amalanke bayan la'asar, muka kafa a ɗakinta. Baffa, ƙanin Baba wanda ya gaji jirgin, ya zo da warin kifi a jikinsa ya zauna bakin ƙofa. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Inna ta sa zanen da take zuwa suna da shi, ta matso har tana iya taɓa gilashin. Da Baba ya fito, mata suka ɗauki salati, Baffa ya sunkuyar da kai. Inna ta karkata kunne tana jira. Aka yi magana, aka sake yi.

"Ina shi?" ta tambaye ni.

Na ce shi ne ke magana yanzu, Inna, an dai canja muryar.

"Wanga ba shi ba ne," in ji ta.

Na riƙa gaya mata abin da ake nunawa, ga shi ya tsaya cikin jirgi, ga ƴan uwansa sun ɗaure kaya za su tafi. Ta ce to mi ya ce masu. Na saurari Faransancin na mayar mata da Hausa: ya ce ruwa shi ne ransa, ba zai iya rabuwa da shi ba. Ta girgiza kai. Ta ce mijinta bai taɓa magana irin wannan ba, ko a wasa. Shugaban masu fim ɗin ya bar su su faɗi abu da bakinsu, kuma ta tuna ranar nan Baba ya dawo yana dariyar wata baƙar magana da ya yaɓa wa masu tafiyar, wani abu game da agogo, amma sauran ya ɓace mata. Baffa ma ya yi ta lalube bai tuno ba. Aka ci gaba da kallo, mutane suna nuna matattunsu da yatsa suna kiran sunayensu. Inna ta ja baya ta jingina da bango har kaset ya ƙare.

Washegari na tarar da ita ba ta taɓa kunun safe ba. Ta ce da ni, ita da ba ta gani, hoton bai yi mata amfanin kome ba. In akwai inda muryar take, in nemo mata.

Na fara da Maraɗi. Aka yi ta tura ni daga wannan biro na gwamnati zuwa wancan, har wani ya ce in je Yamai, akwai wani ɗakin ajiyar tsoffin finafinai, in nemi dattijon da ke tsaronsa. Da aka yi babban hutu, damina ta kankama, na ari rikoda wajen wani malami na hau mota.

Ɗakin yana bayan wani gini, tagoginsa a rufe. Mai tsaronsa dattijo ne Bazabarme mai furfura, yana jin Hausa sarai. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya ce ya san fim ɗin, kuma akwai shi a nan yadda aka yi shi tun farko, da Hausarsa da waƙarsa. Ya shige gaba na bi shi cikin kantoci, ya nuna mini wasu gwangwanaye masu faɗi kamar faifai, an jera su bisa juna, tsatsa ta fara cin gefensu. Na ɗora hannu a kai, ƙarfen da sanyi.

Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wanda ya shirya fim ɗin ya rasu. Ƴaƴansa sun ce gadonsu ne. Kamfanin Turai da ya ba da kuɗin aikin kuwa an sayar da shi ga wani kamfanin, wanda ya ce ya saye har da wannan. Magana tana gaban alƙali a can ƙasarsu, shekara da shekaru, kuma har sai an yanke ba mai ikon nuna na asalin ga jama'a ko ya kwafe shi. Kwafi mai Faransancin an sayar wa wani gidan tele na waje tun da daɗewa, daga nan masu kwafa suka samu. Shi ya sa wanda aka ɓata ke yawo kasuwa-kasuwa, na gaskiyar kuma yana kulle.

Na tambaye shi, mu fa, da muryar mahaifinmu ke ciki. Ya ce an biya su ladan aikinsu a lokacin, bayan wannan doka ba ta san da su ba. Bai faɗa da gatsali ba, ya faɗa kamar mai ba da labarin rasuwa.

Na gaya masa halin Inna, na ciro rikodar daga jaka na ajiye a gabansa. Na ce ba sayarwa zan yi ba, tsohuwa ɗaya ce za ta ji a ɗakinta. Ya daɗe yana kallon rikodar.

"Mushe," ya ce, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, "duk kaset ɗin da ka gani a kasuwa, mutum ɗaya aka fara yi wa. Wanda ya riƙe makullin nan kafin ni, a kan irin wannan ya rasa aikinsa, ni kuma ina da iyali. Ka ba ni wannan in ajiye. Kai zan nuna maka. In ka iya kawo ta, a kujerar nan zan zaunar da ita."

Ya kulle rikodar cikin aljihun teburinsa. Ya kai ni wani ƙaramin ɗaki mai zafi, inda akwai tebur da ake ɗora fim a kai, da ɗan gilashi wanda bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya buɗe gwangwani ɗaya, wani wari mai tsami ya taso, ya ce zafin ƙasarmu ne ke cin fim a hankali. Ya zare shi ya saƙa cikin ƙarafa, ya kunna.

Na fara jin ruwa yana dukan cikin jirgi, da kukan tsuntsaye. Sai Baba ya yi gyaran murya, irin ɗan kakin nan da yake yi kafin ya fara magana. Na manta da shi sarai, ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mini ba tun rasuwarsa. Muryar kuma ba yadda na ajiye ta a raina take ba. Siririya ce, tana da ɗan kaushi, tana sauri. Ya dubi masu kaya a ka ya ce, "Ku tahi bidar. In kun komo da agogo a hannu, ku zo in saida muku abin da za ku ci." Wani ya tuntsire da dariya a gefe, na gane Baffa ne. Daga nan ya kama taru ya fara waƙa. Dattijon ya fita ya ja mini ƙofa, ya bar ni na yi kukana. Da ya dawo na roƙe shi ya maimaita wurin, ya maimaita, ya kuma maimaitawa, ina bi da baki don in riƙe.

A mota ina ta rera waƙar ƙasa-ƙasa, amma kafin mu kai Konni karinta ya fara zamewa, ina jin yana gauraya da wasu waƙoƙin da na sani.

Na sami Inna a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ruwa ya ɗauke ke nan. Na durƙusa na gaya mata kome, har da rikodar da na dawo da ita ba kome a ciki. Ba ta zargi dattijon ba, ta ce amana aka ba shi. Na faɗa mata maganar agogon, kafin in kai ƙarshe ta karɓe ta ƙarasa, ta yi dariya har tana tari. Sai ta ce in yi mata waƙar. Na yi gyaran murya yadda ya yi, na fara. Ta saurara da kanta a sunkuye. Da na tsaya ta ce kalmomin su ne, Allah ya yi mini albarka, amma muryata ta dangin uwa ce, ta wajensu na ɗauko. Ta shafa kaina kamar ina yaro.

Na ce zan kai ta Yamai. Ta yarda, ta ce a bari a cire gero tukuna, hanya ta bushe. Ita da ba ta taɓa wuce Maraɗi ba ta shiga shiri. Ta sa ƙanwata ta wanke mata zannuwa, ta sa Baffa ya ware kifi mai kyau a busar don a kai wa dattijon. Tana tambayata ko motar tana tsayawa a yi salla, ko kujerar ɗakin tana da tsawo. Maƙwabta suka riƙa yi mata ba'a, wai amarya za ta je ganin ango.

Zazzaɓi ya kama ta ana tsakiyar yankan gero. Muka kai ta likita a Maraɗi, aka ba ta magani, ta ɗan farfaɗo, ya sake komowa ya sauka a ƙirji. A kwanakin nan ba ta ƙara ta da maganar tafiya ba, ni ma ban tayar ba. Ta rasu wata safiyar Laraba, ƙanwata na riƙe da hannunta. Bayan sadakar arba'in na ba wani direba kifin ya kai wa dattijon, tare da labarin.

Shekara ta kewayo, har wata ta bi bayanta, sai direban nan ya tsaya a ƙofar lakwal ya kawo mini saƙon baki. Dattijon yana gaishe ni. Ya ce in sani masu shari'ar sun daidaita a tsakaninsu, kamfanin ya aiko an kwashe gwangwanayen an sa a jirgin sama. Za a gyara fim ɗin a nuna shi a wani taron sinima a Turai, da Hausarsa yadda yake. Ko za a dawo da shi, bai sani ba, shi ma ya kusa barin aiki. Ban sake jin labarin gwangwanayen ba.

Da yamma na gangara bakin tafki, na sami Baffa yana ɗinkin taru a inuwa. Na zauna na gaya masa. Ya tambaye ni ko mutanen can suna jin Hausa. Na ce a'a, za a rubuta musu fassara a ƙasan hoton.

"Amma muryar tasa za su ji?"

Na ce tasa za su ji.

Ya ce to madalla. Ya ciji zaren ya tsinke shi, ya jawo wani wurin da ya yage. Na zauna tare da shi har aka kira magariba, muka tashi muka tafi masallaci.