Majanyin da Na Ɗinka wa Maigidana

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, ina tankaɗe a tsakar gida maƙwabciyata ta shigo ko sallama babu. Ta ce, "Ajiye rariyar nan. Maigidanki ya faɗi a gona, ɗinkin ya buɗe."

Sati biyar ke nan da yi masa aiki a Kano. Naman cikinsa ne ya rabu daga saman cibiya, hanji yana turowa, likita ya ɗinke. Da za a sallame mu ya ce wata uku kada ya ɗaga ko bokitin ruwa, kuma kullum cikin ya zauna a ɗaure. Akwai bel mai faɗi na roba da ake sa wa masu irin aikin, amma ba mu samu ba. Wata nas ta ce in nemi ƙyalle mai ƙarfi, ta gwada mini ɗaurin a jikina.

Da muka koma ƙauyenmu a bayan Doguwa, ban ga abin da ya kai majanyin saƙi biyu da na goyi yarana da su ƙarfi ba. Na haɗa su da allura. Ɗinkin ya karkace, don ni ban taɓa iya ɗinki ba, amma ya riƙe. Kowace safiya ni nake ɗaura masa, yana cewa, "Sassauta mana, buhu kike ɗaurewa?"

Kaka ta yi, aka kira gayyar cire masara. Ya ce zama kawai zai yi a inuwa ya ga aiki. Can taubashinsa, ɗan kawunsa, ya hango bakin majanyin a ƙasan riga.

"Ashe haihuwa ka je yi birni? Mai jego, ina jaririn? Jama'a, a dama masa kunun kanwa."

Gona ta ɗauki dariya. Wasan taubasai ne, ba a yin fushi, ba a tsawatarwa. Kwana uku taubashin yana binsa da mai jego, har a ƙofar masallaci. Da labarin ya shigo gida ni ma na yi dariya. Wannan ba na ɓoyewa.

Rana ta huɗu maigidana ya kwance majanyin, ya rataye a reshen ɗorawa, ya kama kunnen buhu, shi da taubashin nasa za su ɗora a amalanke. A wannan amalanken aka kai shi bakin titi. Ya yi kwana huɗu a asibiti, ya rasu.

An ce mini kwana ne ya ƙare. Na sani, na yarda. Amma magidanta ne cike da gonar nan, duk sun san an tsaga cikinsa, kuma babu wanda ya buɗe baki ya ce masa ajiye. A zaman makoki taubashin ya fi kowa kuka, har manya suka koma shi suke rarrashi, ni ina ɗaki da yara huɗu.

Tun daga nan in na ga ana tsokanar marar lafiya, ba na duba wane ne ko mene ne tsakaninsu, magana nake yi. Wasu na cewa ba ni da wasa. Haka ne.

Taubashin yana nan, ya tsufa. Duk sallah sai ya zo ya durƙusa a zaure ya ce, "Matar yaya, ki yafe mini." Ina sa a kai masa ruwa da abinci. Har yau ban amsa masa ba.