Ranar da Baba Ya Ce Ban da Nono

Duk wanda ya taɓa karɓar magani a tagar mahaifina ya san abu guda: ba ka tafiya sai ka maimaita. Baba shi ne mai ba da magani a wani asibiti da ke kusa da ƙauyenmu a ƙasar Ɗanbatta. Zai miƙo maka ƙunshin maganinka ta taga, ka kama gefe, shi kuma ya riƙe ɗaya gefen gam. Ba ya cewa sau uku a rana, don ya ce manomi ba ya yawo da agogo. Sai ya ce, "Ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Azahar, ɗaya bayan Isha'i. To, maimaita min." In ka yi daidai ya saki. In ka kuskure, wallahi ko hakimi ne kai sai an koma farko, 'yan layi na bayanka suna ta tsaki.

Mu ma na gida ba mu tsira ba. Aiken daddawa ne, aiken kalanzir ne, sai ka tsaya a gabansa ka karanto. Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma mai baki a gidan, don haka na fi kowa shan wannan karatu. Innarmu takan ce ai ko ranar ɗaurin aurensu sai da ya sa liman ya maimaita, shi kuwa ya yi ta dariya bai taɓa musawa ba.

Ɗan manomin gyaɗa ne, kuma har ya bar duniya bai saki fartanya ba. Da safe zai naɗe farar rigar aikinsa a leda ya ɗaure a bayan babur, don kada raɓar gero ta jiƙa ta a 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonaki. Da yamma muna jin ƙarar babur ɗin daga wajen rijiya za mu kwasa da gudu, kowa na son ya riga taɓa shi. Wani ƙamshi Baba yake yi, na magani gauraye da turare, har yau in na shiga kemis sai na tuna da shi. Bayan La'asar kuma zaurenmu ya zama taga ta biyu. Mutane su zo da ledojin maganin da suka saya wurin masu talla a kasuwa, ya baje a tabarma, ya ware na sha da na zubarwa. Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa sayarwa a gida ba, faɗa dai yake bayarwa kyauta.

Babban yaƙinsa da kafso ne, wannan mai ja da yalo. Mutanenmu sun ɗauke shi maganin komai, kuma ba sa haɗiya. Ɓare shi suke yi su zazzage garin a fura da nono, wai ya fi saurin shiga jiki. Baba kuwa ya ce nono kashe ƙarfin wannan maganin yake yi, ka sha a banza. Shekara da shekaru yana faɗa: "Da ruwa. Ban da nono." Yara har waƙa suka mayar da shi.

Wanda ya fi kowa ja da shi a kan wannan shi ne taubashinsa, wani mahauci mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, muna ce masa Baffa. Tun suna yara suke tsokanar juna. Baffa ba ya kiransa sai "likitan taga", ya ce mutumin da ko allura ba ya yi shi ne zai hana jikan Fulani nono? Baba ya ce masa ai kan saniyar da yake sayarwa ya fi nasa ƙwaƙwalwa. In suka haɗu a zaure, Inna sai ta bar abin da take yi ta laɓe tana sauraro.

Bai daɗe da yin ritaya ba abin ya faru. Lokacin cirar gyaɗa ne, ya sunkuya a gona bai ɗago ba. Hawan jini, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane gargaɗi a kansa. Aka kai shi Kano, ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke ɗif. Likita ya ce mu yi ta yi masa hira, maganar tana iya dawowa, tana iya ƙi, kuma in aka daɗe ba ta dawo ba, to sai haƙuri. Ina aure a Ungogo lokacin, na tattara na dawo gida. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Hannu da ƙafa ban damu da su ba kamar muryar nan, ita nake so in sake ji ko da faɗa ne.

Inna ta kafa doka: kada wanda ya ƙara shigo mata gida da ledar magani, mutumin nan ya yi wa jama'a iya yinsa, a bar shi ya huta. Masu dubiya suka yi ta zuwa, daga Minjibir, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Kowa ya durƙusa ya sassauta murya, "Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne." Shi kuwa ya zuba wa bango ido. Na gwada Fatiha, na gwada sunayenmu, na gwada ƙirga. Leɓensa ya yi ta rawa, abu ya ƙi fita, sai hawaye. Baffa ma da ya zo, sannu kawai ya iya cewa, ya zauna kamar an jiƙa shi, ya tashi ya fita. Aka ɗaure dawa, aka kai rumbu, Baba bai ce uffan ba.

Sai wata ranar kasuwa. Mun fito da Baba zaure yana jingine da matashi, ina yanke masa farce, sai ga Baffa ya faɗo ko sallamar kirki babu, da ƙwaryar fura a hannu.

"Likitan taga! Kana nan kana ta hutunka? Ni ga shi cikina tun jiya kamar ana dambe a ciki."

Ya zauna daf da Baba, ya buɗe faifai. Fura ce ta sha nono, fari tas. Ya laluba aljihu ya zaro kafso, ja da yalo, ya ɗaga shi sama yana dubawa. Ya ɓare, ya zazzage a ƙwarya. Ya ɗauko na biyu. Na ce, "Haba Baffa, Inna fa ta hana." Ya ce, "Ke tafi can, ta hana a tambaye shi, ni kuwa na tambaye shi ne? Sha zan yi." Inna daga bakin ƙofar cikin gida tana ta yi masa alama da hannu, ko kallonta bai yi ba. Ya zazzage na uku, ya sa ludayi yana damawa a hankali, yana cewa yau dai babu mai hana bawan Allah shan maganinsa yadda kakanninsa suka sha.

Ni na riƙe hannun Baba na hagu, sai na ji ya damƙe ni har da zafi. Na dubi fuskarsa. Idon nan da ya yi wata da watanni a bango yana kan ƙwarya, jijiyar wuyansa ta miƙe. Baffa ya ciko ludayi, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya kai baki.

"Ban... da... nono!"

Wayyo Allah! Muryar ta fito a karkace, a shaƙe, amma tasa ce, ta Babana ce! Na yi wurgi da abin yankan farce na kurma ihu. Inna ta rangaɗa guɗa, matar da ko a bikina ba ta yi guɗa ba, ta shigo zaure ba mayafi, ta tuna Baffa na nan ta koma da gudu, ta sake dawowa. Ƙannena suka fito daga ko'ina. Maƙwabta suka ɗauka rasuwa aka yi, suka shigo da salati suka tarar muna dariya muna kuka. Ni kaina ban san lokacin da na fita ƙofar gida ba takalmi ina gaya wa mai tallar rake cewa Baba ya yi magana ba.

Da na dawo, Baffa na nan da ludayi a sama, nono na ɗiga a rigarsa. Ya ce, "Me ka ce, likitan taga? Ban ji ba."

Baba ya yi ta kokawa da bakinsa. Can ya ce, "Mai... maita."

Sai ƙaton mutumin nan ya ajiye ludayi, ya miƙe tsaye, ya harɗe hannu a ƙirji kamar ɗan firamare, ya ce, "Da ruwa. Ban da nono." Baba ya gyaɗa kai, rabin fuskarsa ya yi murmushi. Furar kuwa rami aka haƙa mata, don da ƙanena ya nufi wajen kaji da ita Baba ya buga tabarma da hannu.

Daga ranar dokar Inna ta rushe, ita da kanta ta riƙa aikawa a gaya wa mutane su kawo ledojinsu. Zaure ya sake cika. Maganar ta dawo da ɗingishi, kalma ɗaya yau, biyu gobe, ba ta taɓa komawa yadda take ba, amma ta ishe shi faɗa, ta ishe shi yi wa 'yata huɗuba a kunne. Ya ƙara shekaru masu daɗi tare da mu. Ni kuwa na samu abin tsokanar Baffa, duk inda na gan shi sai na ce ga mai taurin kan da ya sa bebe magana, shekara da shekaru ana gaya masa abu ɗaya bai ji ba. Ya yi dariya ya ce ai kan mahauci sai gatari.

Ranar sadakar uku ta Baba, bayan mutane sun ragu, na kai wa Baffa ruwa a zaure. Ya tsufa, cikin ya zube. Yana zaune daidai inda ya zauna da ƙwaryar nan. Don in sa shi murmushi na ce, "Baffa, yanzu dai sai ka sha kafsonka da nono, mai hanawa ya tafi."

Bai yi dariya ba. Ya juya kofin a hannunsa ya ce, "'Yar nan, ni cikina lafiya lau yake ranar. Tun muna samari yake sa ni ina maimaitawa, ni ne zan manta? Na dai ga kowa sannu yake ce masa, shi kuwa bai taɓa iya yin shiru in ya ga ana ɓarna ba."

Ya ɗaga kofin zai sha, sai ya tsaya ya dubi wajen da matashin Baba yake.

"Da ruwa ne, likitan taga," ya ce. "Duba ka gani."