Tekun da ke jikin bangon kamfama

Wata Asabar ce cikin watan Agusta, wajen ƙarfe tara na safe. Mu uku ne a bakin tafkin da ke wajen garin Magariya: ni, da mahaifiyata, da mai amalanken shanun da zai ƙetarar da mu. Mahaifina muke jira, kuma babu tabbacin zai zo.

A tsakiyar ruwan akwai tudu, a kan tudun kuma tsohon otel ɗin da kowa ke kira kamfama. Tun zamanin Nasara aka gina shi don saukar baƙin gwamnati. Da rani ƙafa ke kai mutum har ƙofarsa. In damina ta yi nisa ruwa kan zagaye shi ya koma tsibiri, sai dai a amalanke, ko mutum ya naɗe wando ya ratsa.

Ban riski ganiyarsa ba, labari na ji. Lokacin da gyaɗa ke da daraja, manyan masu awo daga Kano da Damagaram a nan suke sauka. An ce kowane tebur da farin ƙyallensa, masu kawo abinci suna sanye da jar dara, ga firigo, wato firiji, mai aiki da kananzir. A nan mutanen garinmu da yawa suka fara taɓa ƙanƙarar da ba daga sama ta faɗo ba. Ranar Asabar 'yan orkes kan yi wasa, ruwa ya kwaso kiɗan ya kawo har cikin unguwa, tsofaffi suna tsaki, ƙafafunsu na motsi.

Amma abin da ya fi fito da sunan wurin shi ne bangon baranda. Wani mai fenti ɗan Kwatano ya zana teku a jikinsa: shuɗin ruwa, farin kumfa, itatuwan kwakwa, da jirgi yana fitar da hayaƙi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, wannan ne namu. Sai ya zama al'ada, bayan biki abokan ango su kawo ango da amarya ranar kasuwa, lokacin da mai hoto ke zuwa daga Damagaram, a ɗauke su a gaban ruwan.

Iyayena ma an kai su, daga ƙauyenmu na wajen Kwaya. Hoton yana nan a ɗakin Inna. Baba ya tsaya ya banƙaro ƙirji, ya ja hannun riga don a ga agogo, wanda na aro ne. A gefensa kuwa ƙunshin zane ne tsaye. Babu fuska, sai yatsu masu lalle da suka damƙe bakin mayafi. Haka kowace amarya ke yi a lokacin. Wadda ta buɗe fuska gaban abokan miji, an dinga maganarta ke nan a bakin rijiya. Shi ya sa gidajen yankinmu ke cike da hotunan angwaye masu fuska da amare marasa ita. Jikoki in sun zo sukan tsaya gaban hoton su ce, "Tsoho, ashe buhun gyaɗa ka aura?" Baba yakan yi dariya. Inna ma takan yi, amma tata ba ta daɗewa.

Da labari ya zo cewa wani ɗan kasuwa ya sayi kamfama, kuma masu fenti za su fara aiki ranar Litinin, Inna ta sa aka kira ni. Ni ne auta, ni take iya faɗa wa abin da ba ta faɗa wa yayyena.

"Auta, wayar nan taka tana hoto mai kyau?"

"Tana yi, Inna."

"To ina so a sake namu kafin su shafe ruwan nan. Wannan karon da fuskata."

Baba yana kan tabarma a tsakar gida, yana jin komai. Bai dube ta ba, ni ya duba.

"Gaya wa innarka, ni da furfurata ba na zuwa otel. Gobe in tsaya a sahun gaba a ce ga wanda aka gani a kamfama? Wurin da a da har giya ake sayarwa ta baya."

"Auta, tambayi babanka, ranar da ya je da agogon mutane bai san ana sayarwa ba?"

Haka suka yi ta aikena, alhali tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Ba a kai ga matsaya ba. Ta dai ƙunsa lalle daren Juma'a, da safe na ɗauko ta.

Rana ta fara zafi. Mai amalanke ya ce yana da buhuna da zai kai kasuwa. Na ce wa Inna mu ƙetara in ɗauke ta ita kaɗai, kada a yi asarar zuwa.

"Ni kaɗai ai ina da na katin zaɓe," in ji ta. Ta gyara zama a gindin itacen bedi, ta kafa wa hanya ido.

Har mai amalanke ya fara juya shanunsa, sai ga babur ɗin kabu-kabu ya tsaya. Baba ya sauko cikin babbar rigar sallarsa, da hula sabuwa. Ya ce gonar ƙanensa ya zo dubawa, ya ji an ce ruwa ya ci gefenta. Gonar kuwa tana can yamma da gari, ko kusa ba ta hanyar tafkin take ba. Ya hau amalanke ya zauna a gaba, ya ba mu baya.

Mai gadi ya buɗe mana. Ɗakunan sun zama na jemagu, fankokin sama sun lanƙwashe, akuya ta haihu a inda firigo yake a da. Bangon kuwa yana nan. Shuɗin ya koɗe, rabin jirgin ya zube da yaɓe, amma kumfar da kwakwar ba su tafi ba. Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce ranar farko ba ta ga komai ba sai ƙafafunta.

Na tsayar da su. Ta sauke mayafi zuwa kafaɗa, ta ɗaga kai. Abin da ban lissafa ba shi ne barandar tana fuskantar gaɓa, inda mata ke wanki, 'yan kabu-kabu kuma suna wanke baburansu. Wata ta rangaɗa guɗa. Wani ya ɗaga murya, "Ango! Alhaji ango, a gyara tsayuwa!"

Nan take Baba ya ɗaga hannun babbar riga ya rufe fuskarsa gaba ɗaya.

"Baba, sauke hannu."

"Ɗauka haka nan mu tafi."

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta taɓa shi a gabanmu ba, ko ƙwaryar fura ajiye masa take yi a ƙasa. Ta dube shi, ta dubi gaɓa. Sai ta kama hannun rigar ta ja shi ƙasa da ƙarfi.

"Malam, buhu ɗaya ya ishe mu a gidan nan."

Ya juyo yana kallonta, baki buɗe. A daidai nan na danna.

Na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya ce hularsa ta karkace. Inna ba ta karɓa ba, ta tambaye shi kai tsaye, ba ta bakina ba.

"Na fito?"

"Kin fito," in ji shi.

A hanyar dawowa ya zauna yana fuskantarmu, yana ba mai amalanke labarin ranar da ya fara riƙe ƙanƙara, ya sa ta a aljihu don ya kai wa mahaifiyarsa ta gani.

Ranar Litinin masu fenti suka shafe bangon da fenti ruwan ƙwai. Na kai hoton Damagaram aka wanke, yanzu yana rataye a ɗakin Inna kusa da na farko.